Darasin Kimiyya: Yarda da Haɗin Kai Tsakanin Ma'aikaci da Mutum-mutumi

Manufar darasi

A ƙarshen darasin nan ɗalibi zai iya bayyana yadda mutum-mutumi yake aiki, da yadda yake raba aiki da ɗan Adam, da gwargwadon yardar da ta dace a ba shi.

Gabatarwa

Ɗalibai, daga nan Giginyu zuwa masana'antun Bompai tafiya kaɗan ce, kuma wasunku suna da 'yan uwa masu aiki can, ko a Sharaɗa da Challawa. Injin da aka saba da shi sai an tsaya a kansa. Na'urorin da ke shigowa yanzu kuwa, wato mutum-mutumi, suna gani, suna lissafi, suna motsi da kansu, kuma da su wasunku za su ci abinci gobe.

1. Sassan mutum-mutumi

Sassa uku ne ke tafiyar da shi. Na farko, na'urorin ji da gani, kamar kyamara da masu auna nisa da nauyi. Na biyu, kwamfutar da ke karɓar bayanan ta yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta mata. Na uku, injinan da ke motsa hannu ko taya. Ku riƙe wannan da kyau: abin da na'urorin ji da gani ba su kai masa ba, bai san da shi ba. Idan ƙurar hunturu ta rufe kyamara, yana iya kasa ganin mutumin da ke gabansa.

2. Yadda aka fara aiki tare

A 1961 kamfanin General Motors na Amurka ya sa Unimate aiki, mutum-mutumi na farko a masana'anta. Irinsa ƙarfi gare su, amma ba sa jin mutum, shi ya sa ake killace su da shingen ƙarfe. A 1979 hannun wata irin na'urar ya kashe ma'aikaci a masana'antar Ford da ke jihar Mishigan. A 1996 malamai biyu na Jami'ar Northwestern, Edward Colgate da Michael Peshkin, suka ƙirƙiro nau'in da zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum. Na yanzu yakan rage gudu idan mutum ya matso, ya tsaya cak idan ya taɓa shi.

3. Rabon aiki

Misali mafi kusa da mu yana jihar Kaduna. Tun 2022 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi suke kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara. Ma'aikacin lafiya ya aika buƙata ta waya, ma'aikatan cibiyar kamfanin su haɗa kayan, jirgi ya tashi da kansa ya saki ƙunshin da 'yar laima, sannan ma'aikacin lafiya ya duba abin da ya iso. Na'ura ta ɗauki sauri da maimaici, mutum ya riƙe hukunci da alhaki.

4. Ma'aunin yarda

Kuskure biyu ake yi. Mai ƙarancin yarda yakan kashe na'ura mai lafiya ya koma aikin hannu, a yi asarar lokaci. Mai yarda fiye da kima yakan daina dubawa, kuma nasa ya fi haɗari. A wani gwaji da masu bincike na Jojiya Tek a Amurka suka bayyana a 2016, an tayar da hayaƙi da ƙararrawar gobara, sai mutane suka bi hanyar da mutum-mutumi ya nuna musu, har da waɗanda suka ga ya ɓatar da su 'yan mintuna kafin nan. Sabo turken wawa.

Yarda mai kyau ita ce wadda ta yi daidai da abin da aka gwada aka ga na'urar ta iya. Tana ginuwa idan na'ura tana sanar da abin da za ta yi da fitila ko ƙara, ma'aikaci ya samu horo, ya san inda jan maɓallin tsayarwa yake, kuma ba ya tsoron kai rahoton matsala.

Aikin gida

1. Lissafo sassa uku na mutum-mutumi da aikin kowanne.
2. Bayyana illar yarda fiye da kima.
3. Tambayi wani mai aiki da inji yadda yake gane injin ya fara samun matsala, ka rubuto amsarsa.