Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Likita Yana Nesa, Jinya Tana Gida

Mutumin Diffa da ƙiba ta haɗa wa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, har likita ya ce sai an rage masa tumbi, yakan ɗauki fasfo ne ya nufi Tunis ko Alƙahira ko Istanbul. Aikin kansa bai cika wuce awa uku ba, kwanciyar asibiti kuma ƴan kwanaki ce. Daga nan sai sallama, a sauka Yamai, a kama hanyar da ta haura kilomita 1,300 zuwa bakin Komadugu. Wanda ya yi yankan an baro shi a bayan hamada, jinyar kuwa ta biyo mai ita gida. Shawarwarin nan na wannan majinyacin ne da duk wanda ke riƙe da tukunyar gidansa. In wani abu a nan ya saɓa da takardar likitanka, ka bi takardar.

San abin da aka yi maka

Iri biyu aka fi yi. A silib, ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, abin da ya rage ba ya ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150 da farko, wato kamar kofin shayi na gilashi ɗaya da rabi ko biyu. A baifas, wanda likitan Amurka Edward Mason ya fara a shekarun 1960, ana ware ƴar jaka mai ɗaukar mililita 30 daga tumbi a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci sai ya tsallake wurin da jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, shi ya sa mai baifas ya fi saurin faɗawa ƙarancin jini.

Kada ka baro asibitin can sai da rahoton tiyata a rubuce, da Faransanci in zai yiwu, tunda da shi ma'aikatan lafiyarmu ke aiki. Ka ɗauki hotonsa a waya. Da isowarka, tun kana lafiya lau, ka kai wa likita ɗaya a babban asibitin jihar Diffa kwafi, ya san ka ya san aikinka. Ranar da ciki ya murɗa da tsakar dare ba ranar fara bayani ba ce.

Hanya da watan farko

Zaman mota na yini da kwana yana sa jini daskarewa a jijiyar ƙafa, kuma wanda aka yi wa tiyata ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ka huta a Yamai gwargwadon yadda likita ya ce, ka cika allurar hana daskarewar jini in an rubuta maka. A hanya, duk inda mota ta tsaya, Doso ko Maraɗi ko Damagaram, ka sauko ka taka.

In gidanka yana Barwa ko Bosso ko wani garin bakin Tafkin Cadi, ka daure ka yi watan farko a cikin garin Diffa. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a jihar a Fabrairun 2015 kowa ya san tafiyar dare a yankin ba abin da ake yi kai tsaye ba ne, matsalar ɗinki kuwa ba ta jiran gari ya waye. Alamomin da za su kai ka asibiti nan take su ne: bugun zuciya sama da 120 a minti kana zaune, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa ko mai harbawa zuwa kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin sharaɓa ɗaya, amai da jini ko baƙin bayan gida. A bakin kogi da jiki ya yi zafi sai a ce masassara ce. A watan farko bayan tiyata, ko awo ya nuna ta cizon sauro ce, a duba cikin ma.

Abin da ke cikin kwano

Yawancin likitoci sukan tsara shi hawa-hawa: kusan mako biyu na ruwa-ruwa, mako biyu na abin da aka dama ya yi sumul, mako biyu na mai laushi, sannan abincin gida tsakanin mako na 6 da na 8. Sannu ba ta hana zuwa, kuma tsallake hawa ɗaya yana iya taɓa ɗinki.

Abin da jiki ya fi nema shi ne furotin, aƙalla gram 60 a rana. In bai samu ba, tsoka zai cinye tare da kitse. A nan Allah ya yi wa mutumin Komadugu gata. Gram 100 na dafaffen kifi, tarwaɗa ko karfasa, yana ba da kusan gram 20. Ƙwai ɗaya gram 6, babban kofi na kindirmo kusan gram 8. A makonnin farko a yi romon kifi a tace. Daga baya a jiƙa banda ta yi laushi, a zauna a tsince ƙayarta ɗaya bayan ɗaya, a daka tsokar a turmi, a zuba a miyar kuka ko kuɓewa. Alala ta fi ƙosai, saboda mai. Kilishi da tsire su jira wasu watanni, don busasshen nama yakan tsaya a ƙirji.

Ka fara da kifin ko ƙwan, sai ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. Loma ƙarama, tauna har ta narke, minti 20 zuwa 30 a kan kwano. Da ka ji nauyi a ƙahon zuci ko shaƙuwa ta taso, ka cire hannu. Tattasanmu na ƙamshi ba laifi a miya bayan ɗinki ya warke, amma yaji mai zafi a ɗaga masa ƙafa.

Fura tana da nata zance. Da sukari, takan zarce hanji da gudu, musamman ga mai baifas: cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, jiri, faɗuwar gaba da zawo, wani kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sukarinsa ya faɗi. Kuma da yake sha ake yi, ƙaramin tumbi ba ya hana ta wucewa, ta nan ƙiba ke dawowa. In za a sha, nono ya rinjayi gero, babu sukari. Lemon kwalba kuwa a yi sallama da shi.

Ruwa da shayi

A Afrilu da Mayu zafin Diffa yana haura digiri 40, kai kuma ba ka da tumbin kwankwaɗar moɗa guda. Ka cika gorar lita ɗaya da rabi da asuba, ka riƙa kurɓa, kafin isha'i ta ƙare. Da bazara ka ƙara. Ka raba ruwa da abinci da rabin awa gaba da baya. Fitsari ya yi duhu ko ya ragu, to ruwa ya yi kaɗan.

A majalisar shayi, ka karɓi kofi ɗaya marar ƙarfi kafin a zuba sukari. Shayi yana rage tsotsar ƙarfe, don haka ka ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini. Haka ma tsakanin ƙwayar da kalsiyam.

Magani

Bitamin na har abada ne: haɗaɗɗiyar ƙwaya kullum, kalsiyam da bitamin D, ƙarfe, da B12 wanda sau da yawa allura ce duk wata uku. Ka sayi na watanni kafin na hannu ya ƙare. Amai na kwanaki a jere yana ƙarar da bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ta ƴan makonni ce, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa: ruɗewa, gani bibbiyu, tangaɗi. In an kwantar da kai, mai jinyarka ya faɗa wa likita an yi maka tiyatar tumbi, a ba ka B1 kafin a ɗaura ruwa mai sukari.

Ibuprofen da diclofenac da aspirin, waɗanda ke cike a tiren masu tallan magani, suna buɗe gyambo a wurin ɗinki. Na ciwon jiki paracetamol ya isa. Kanwar da ake jiƙawa don ƙwannafi tana tara iska a ciki, ga gishiri, a bar ta. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙa awo a kai a kai, domin adadin maganin da yake sha a da yana iya yi masa yawa cikin ƴan kwanaki.

Azumi da juna biyu

Wanda ba ya iya shan kofi guda a tashi ɗaya ba zai rama ƙishirwar yini tsakanin magariba da sahur ba. Likitoci da yawa sukan hana azumi a watanni 6 zuwa 12 na farko, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Ka tambayi likita da malami tun kafin wata ya kama.

Ke kuma ƴar uwa, raguwar ƙiba tana sa ɗaukar ciki ya zo da sauƙi, amma ana so ki jira wata 12 zuwa 18. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce, ki nemi wata hanyar wurin ungozoma.

Bakin mutane

A wurinmu jiki shi ne shaidar hutu. Ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinka a shekara guda, gashi ya ɗan zube tsakanin wata na 3 da na 6, za ka ji ana raɗa: ciwon zamani ne, ko an yi masa jifa. Wata gwaggo ma ta kawo ƙwayar ƙiba irin su sha-ka-fashe. Kada ta shiga bakinka. Ka sanar da mutum biyu ko uku na gida gaskiyar magana, su tare maka sauran. A gidan biki, in an ce "Haba Alhaji, ko taɓawa ba ka yi ba", amsar gajera ce: "Alhamdu lillahi, likita ne ya sa mini ƙa'ida." A gida kuwa a zuba maka naka a ƙaramin kwano, don hannu a tire ɗaya da jama'a yana sa sauri.

Ka yi tafiyar rabin awa kullum da sanyin safiya, amma ɗaukar buhun tattasai ya jira mako 6. Awon jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara, ko da kana jin garau. Wanda ba a yi a Diffa a yi shi a Damagaram ko Yamai, a tura wa likitan tiyata sakamakon ta WhatsApp. Daga shekara ta biyu yunwa takan fara dawowa, tumbi ya ɗan saki, a lokacin ne kuma mutane suka fi watsar da bitamin da awo. Tun yau ka rubuta ranakun a bayan takardar asibiti, ka ba wani na gida amanar tuna maka.