Baƙo da Yanayin Ƙasa

Illela gari ne a Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Tsakaninsa da birnin Sakkwato kimanin kilomita 85 ne, tsakaninsa da Birnin Ƙonni kuwa 'yar gajeriyar tafiya ce. Kasuwar Illela ran Lahadi take ci. Akan kawo mata shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga ƙasar Adar da gaba da ita, sa'an nan manyan motoci su kwashe su zuwa kudu.

Ba dabbobi kaɗai ke shigowa ta wannan ƙofa ba, har da mutane. Da an gama girbi sai ka ga samari 'yan ci-rani suna wucewa, kowa da ƙunshinsa. Waɗansu kan koma gida da faɗuwar ruwa, waɗansu kuwa su ɗauko iyali su zauna. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, mutane da yawa suka bar garuruwansu suka gangaro kudu neman abinci. Duk baƙon da ya ƙetaro, tilas ya tambayi kansa inda zai zauna. In ya zaɓi wurin da bai dace da sana'arsa ba, yana iya rasa dukiyarsa, ko ma lafiyarsa. Saboda haka ya kamata ya san yanayin ƙasar tukuna.

Nijeriya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Girmanta murabba'in kilomita 923,768 ne. Daga Illela zuwa Ikko, watau Legas, tafiyar mota ta fi kilomita 1,000. Ƙasa mai irin wannan girma ba za ta zama da yanayi iri ɗaya ba.

Iska Biyu

Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ta farko daga Tekun Atlantika take tasowa, ta kudu maso yamma. Tana da laima, ita ce ke ɗauko hadari. Ta biyu daga hamadar Sahara take fitowa, ta arewa maso gabas. Busasshiya ce, ita ce iskar hunturu mai kawo hazo da ƙura da fason ƙafa.

Iskar teku takan fara zubar da ruwa a bakin teku tun wajen watan Maris. Daga nan ta riƙa hawowa arewa sannu sannu, ba ta isowa Illela sai wajen Yuni. Kafin ƙarshen Satumba kuwa iskar hamada ta fara korarta. Shi ya sa damina take da tsawo a kudu, take gajeriya a arewa.

Masana suna auna ruwan sama da milimita. Milimita 1,000 su ne mita ɗaya. A ce an ajiye ganga a fili, ruwan sama na shekara guda ya taru a ciki bai bushe ba. A Illela zurfinsa zai kai wajen rabin mita, watau kamar ƙugun ƙaramin yaro. A Kalaba kuwa zai kai kusan mita 3, ya shanye kan dogon mutum har ya wuce.

Bakin Hamada

Wannan shi ne ƙarshen arewa, wajen Nguru da arewacin Barno, Illela ma tana bakinsa. Ruwan shekara wajen milimita 500 ne, wani wuri ma bai kai ba. Damina wata uku ce ko huɗu. Itatuwa tsilla-tsilla suke, yawancinsu masu ƙaya, kamar aduwa da kurna da bagaruwa. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, a lokacin ne kuma sanƙarau ya fi kama mutane. Amma nan ne gidan gero da wake, da raƙumi da jar akuya. Makiyayi yakan ji daɗin lafiyar dabbobinsa a nan, wahalarsa ita ce ruwan sha da ciyawa da rani.

Ƙasar Gero da Dawa

In aka ɗan gangaro sai a shiga ƙasar Gusau da Katsina da Kano. Ruwa a nan daga milimita 600 ne zuwa 1,000, damina kuwa wata huɗu ko biyar. Itatuwanta su ne kuka da tsamiya da gawo. Ana noman dawa da gero da gyaɗa da auduga, da rani kuma a yi lambu a fadama. Baƙon da ya fito daga Adar ba ya shan wuya a nan, gama abinci da harshe da lokacin shuka duk kusan irin na gida ne.

Ƙasar Doya

Gaba da nan sai tsakiyar ƙasa, wajen Minna da Abuja da Lakwaja da Makurɗi. Ruwa daga milimita 1,000 ne zuwa 1,500, damina wata shida ko bakwai. Ciyawa takan yi tsawo har ta ɓoye mutum. Akwai kaɗanya da ɗorawa da yawa. Ana noman doya da masara da shinkafa da riɗi. Manomi yakan sami albarka, amma sai ya koyi sabon aiki, domin tulin doya ba kunyar gero ba ce. Wanda zai yi gida a bakin Kwara ko Binuwai kuma ya nemi tudu, gama a 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki masu yawa a Lakwaja da kewayenta.

Kurmi da Bakin Teku

Daga nan sai kurmi, ƙasar Badun da Binin da Fatakwal da Kalaba. Ruwa daga milimita 1,500 ne zuwa 3,000, a waɗansu wurare na bakin teku ma yakan kai 4,000. Itatuwa dogaye ne, ganyensu kore shar duk shekara. Nan ake samun goro da koko da manja da rogo da ayaba. Zafin rana bai kai na Sakkwato ba, amma akwai gumi, zufa ba ta bushewa a jiki. Hatsi yakan yi fumfuna in ba a kula ba, soron ƙasa kuma ba ya jimre wa ruwa. Sauro ba ya ɗaukewa, saboda haka zazzaɓin cizon sauro yana nan rani da damina.

Babban abokin gaban makiyayi a kurmi shi ne ƙudan tsando. Cizonsa ke sa wa dabbobi sammore, su rame su mutu. Doki da raƙumi da manyan shanun arewa ba su daɗewa a inda yake da yawa. Ƙananan shanun kudu da ake kira muturu su ne ke jimre masa. Wannan ya sa yawancin shanun da ake lodi a Illela, yanka ake kai su kudu, ba kiwo ba. Amma ɗan kasuwa kurmi ya karɓe shi. Hausawa masu fataucin goro da shanu sun daɗe da kafa unguwanni a can, kamar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da Sabo ta Shagamu.

Kan Duwatsu

Akwai waɗansu wurare da tsayinsu ya sāke musu yanayi. Duk sa'ad da mutum ya hau mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Jos tana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, da hunturu sanyin dare yakan sauko wajen digiri 10. Can ake noman dankalin Turawa da acca da kabeji. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya fi na Jos tsayi, ana noman ganyen shayi a kansa, shanu kuma suna ƙiba don yawan ciyawa. Mai zuwa can sai ya tanadi bargo da rigar sanyi.

Abin da Baƙo Zai Tambaya

To, yara, kun ga kowane yanki da amfaninsa, da kuma wahalarsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Baƙo mai hankali, kafin ya sauke kayansa, yakan yi tambaya huɗu. Wane wata ruwa ke sauka, wane wata yake ɗaukewa? Me ƙasar ke fitarwa? Wace cuta ce ke damun mutane da dabbobi? Ina ake samun ruwan sha da rani? In amsoshin sun dace da sana'arsa, sai ya tafi wurin mai gari ya yi gaisuwa, ya nemi iznin zama, ya kuma kiyaye al'adun waɗanda ya tarar.

Tambayoyi

1. Wace rana kasuwar Illela take ci, me ake kawo mata?
2. Daga ina iskar damina take tasowa, daga ina ta hunturu take fitowa?
3. Don me damina ta fi tsawo a Kalaba bisa Illela?
4. Me ya sa ba a cika kiwon raƙuma a kurmi ba?
5. Me ya sa Jos take da sanyi?
6. Wane yanki ne ya dace da manomin gero, wanne ne kuma ya dace da mai fataucin goro?

Aiki

Ku zāna taswirar Nijeriya a littattafanku. Ku sa alama a Illela da Kano da Lakwaja da Jos da Kalaba, ku rubuta amfanin gona guda biyu kusa da kowane gari.