HAƊA KATIN SAUTI MAI KUNNE BIYU DON TSOHUWAR KWAMFUTA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin bikin Uhola a Zuru ya san cewa ko da ya rufe ido yana iya nuna gefen da ganga take. Dalili shi ne, sautin yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, da ratar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, kuma ya fi ƙarfi a kunnen da ke kusa. Wannan bambanci ne ƙwaƙwalwa take karantawa. A kan haka Alan Blumlein na Ingila ya gina fasahar sitiriyo a 1931. Ashe ke nan sitiriyo ba yawan lasifika ba ne, hanyoyi biyu ne dabam-dabam, kowace da nata saƙo.

Kwamfutocin farko ba su da wannan gata. IBM PC ta 1981 ƙaramar lasifika guda gare ta, wadda ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa. Saboda haka aka riƙa ƙera katin ƙari, kamar Mockingboard na Apple II da Sound Blaster Pro na 1991. Mafi sauƙinsu shi ne irin na kamfanin Covox na Amurka, wanda ake sokawa a soket ɗin firinta. Irinsa ɗalibi zai iya haɗawa da hannunsa.

Yadda Lamba Take Zama Sauti

Soket ɗin firinta na tsohuwar kwamfuta yana da ramuka 25. Takwas daga ciki, wato na 2 zuwa na 9, su ne suke fitar da lamba. Kowane rami ko dai yana da wuta ko babu, don haka takwas ɗin suna iya ba da lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Aikin kati shi ne mayar da kowace lamba ƙarfin lantarki daidai girmanta. Idan lambobin suka riƙa canjawa sau dubbai a sakan, sai lasifika ta yi rawa, kunne ya ji sauti.

Abin da yake wannan aiki shi ne tsanin rizisto, wato 'yan ƙananan abubuwan nan masu rage gudun lantarki. Ana jera guda 7 masu om 10,000 a layi ɗaya, sa'an nan a rataya masu om 20,000 guda 8, kowane zuwa wayarsa, a rufe gindin tsanin da na tara zuwa wayar ƙasa. Kowane mataki yana raba ƙarfin wanda ke ƙasa da shi gida biyu. Da wuta mai bolt 5, waya ta sama tana ba da bolt 2.5, ta biye 1.25, har zuwa ta ƙarshe mai kimanin 0.02.

Raba Hagu da Dama

Kunne biyu na bukatar tsani biyu, alhali wayoyin lamba takwas ne kawai. Maganin wannan shi ne aisi mai lamba 74HC574 guda biyu, wanda yake riƙe lamba har sai an ba shi wata. Ana haɗa wayoyin takwas da dukansu biyun. Rami na 1 ne yake umartar na hagu ya karɓa, na 14 kuma na dama. Ramuka na 18 zuwa 25 na wayar ƙasa ne. Daga kan kowane tsani sai a bi ta kafasito zuwa amfilifaya, kamar LM386, sa'an nan lasifika. Soket ɗin ba ya ba da wutar aiki, don haka a kawo bolt 5 daga cazar waya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Abin lura a nan shi ne daidaiton rizisto. Mai zoben ruwan zinariya yana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100. A mataki na sama wannan kuskure ya kai kimanin matakai 6, ta yadda idan lamba ta tashi daga 127 zuwa 128 wuta za ta iya sauka maimakon ta hau. Tun da sauti marar ƙarfi a daidai nan yake kai da komowa, murya sai ta fito da ƙarƙara. Dabara ita ce a sayi masu om 20,000 zalla wajen masu gyaran rediyo, a auna su da mita, a ware waɗanda suka fi kusa da juna don matakan sama. Biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suna ba da 10,000. Ta haka kowane tsani zai ci 23.

Gwaji

Kafin a soka kati, lallai a kashe kwamfuta, kuma a duba kada dalma ta haɗe ƙafafu biyu, domin hakan na iya ƙone soket ɗin, alhali yawancin sababbin kwamfutoci ba a yin su da shi. Bayan haka a yi amfani da umarnin OUT na BASIC a aika 0, da 128, da 255 zuwa adireshi na 888, ana motsa rami na 1 ta adireshi na 890. Mita za ta nuna 0, da 2.5, da kusan bolt 5 a hagu, dama kuwa kada ta motsa. In ta motsa, hanyoyin sun cuɗanya, sitiriyo bai samu ba.

Aikin Ɗalibai

Faifan CD yana amfani da wayoyi 16 maimakon 8. Lambobi nawa ke nan? Me ya sa tsanin da aka haɗa da hannu ba zai wadatar da su ba?