Daga Yashe zuwa Katsina a kan keke cikin hunturu

Tambaya: Ni matashi ne a Yashe. Ni da abokaina biyu mun yi niyyar hawa keke mu je birnin Katsina ziyarar kabarin Wali Ɗan Marina a watan Janairu, tunda lokacin babu zafin rana. Mahaifiyata ta ce sanyi zai kama mini ƙirji. Me za mu yi?

Amsa: Ƙanena, ka gaishe da Hajiya, ka ce mata tana da gaskiya da ta damu. Amma sanyin shi ne mafi sauƙin magani a cikin abubuwan da za ku gamu da su. A Disamba da Janairu asubar ƙasar Katsina kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, kafin azahar kuma ta haura kusan 30. Wanda ya jibga rigar sanyi mai kauri guda ɗaya zai jiƙe da gumi kafin ya wuce Kankiya, iska kuma ta busa a kan jiƙaƙƙen jiki, nan ne sanyi yake kama mutum. Ka sa riguna marasa nauyi biyu ko uku a kan juna, ka riƙa cire ɗaya-ɗaya kana ɗaurewa a kariya yayin da rana ke ɗagawa. Safar hannu da hular da ke rufe kunne sun fi babbar riga amfani, domin yatsun da suka ƙage ba sa matsa birki a kan kari. A birnin Oulu na ƙasar Finlan yara na zuwa makaranta a keke bisa dusar ƙanƙara, kuma da irin wannan sutura hawa-hawa suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, tana ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta fito. Hanyar Yashe zuwa Katsina, ta Kankiya da Caranci, ta nufi arewa ne tana ɗan karkata yamma. Ke nan a tafiya iskar za ta riƙa dukan ka ta kafaɗar dama, ɗan gaba-gaba. Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Najeriya, kai kuma kana gefen dama na kwalta. Iskar tana tura ka hagu, wato cikin titi, inda motoci suke. Kai da kanka za ka riƙa ɗan jingina dama don ka tare ta, ba tare da ka lura ba. Idan babbar mota ta zo wucewa, iskar da ta kwaso za ta fara ture ka waje, tana giftawa kuma ta zuƙo ka ciki. Wannan hanya ce ta tireloli da tankoki da motocin haya masu gudu tsakanin Kano da Katsina, ba ta ɗaukar wasa. Da ka ji ƙugin babbar mota a baya, riƙe kan keke da hannu biyu, daina taka feda, in gefen hanya na da kyau ka sauka ƙasa ka ba ta wuri. Ku ukun ku jeru ɗaya bayan ɗaya, ban da jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira. Na gaba shi ke shan iska, saboda haka ku riƙa karɓa-karɓa duk bayan 'yan mintoci. A dawowa abin ya fi sauƙi, iskar na hagunka ta baya, tana ɗan taimaka maka.

Iskar kan lafa da asuba, ta yi ƙarfi da hantsi. Wannan ya sa wasu ke son tashi da an sallame sallar asuba. Ban goyi baya ba. A Janairu sai wajen ƙarfe 7 rana ke fitowa, hazo kuma kan sa direba bai ga mai keke ba sai ya zo dab da shi. Ku jira gari ya waye sosai. Ku sa riga mai haske ko irin mai ƙyallin nan ta ma'aikatan hanya, a ɗaura jar fitila a bayan kowane keke. Ranar da kuka tashi kuka ga ba a hango bishiyar da ke ƙarshen unguwa, ku ɗage tafiyar. Haka ma ranar kasuwar Caranci, motocin shanu da 'yan acaɓa sun cika hanya. Ku kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ku tashi, kun san halin tsaro a jiharmu. Ban da yanke ta daji, ban da tafiyar dare.

Daga Kankiya kaɗai zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne, ga kuma abin da ke tsakaninku da Kankiya. A kan keke irin namu, Phoenix ko tsohon Raleigh mara giya, cikin iska, da wuya ku wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa. Yini guda ne. Ku nemi inda za ku kwana a birni, ku dawo washegari.

Sai ƙishirwar da ba a ji. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sanyi kuma na ɓoye ƙishi. Mutum sai ya ji ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiyar ƙafa, ya ɗauka gajiya ce. Ka riƙa kurɓar ruwa duk minti 20 ko ba ka ji ƙishi ba. Gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ka shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya da ɗan bakin hanci saboda haɓo, ka rufe hanci da takunkumi ko rawani, ka sa tabarau. In akwai mai asma ko mai sikila a cikinku, ya shiga mota ya tarye ku a Ƙofar Ƙaura, babu kunya a ciki. Wanda kuma zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya suka kama, asibiti nan take, domin rani lokacin sanƙarau ne.

Keken ma yana da nasa. Kuskuren da na fi gani shi ne a kwarara wa sarƙa baƙin mai. Ƙura na manne masa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙar da haƙoran faranti. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka juya feda, ka sake gogewa har ta kusa bushewa. Taya kada ka cika mata iska tam da sanyin safiya, kwalta na zafi da rana, tsohuwar taya kan fashe. Ka duba robar birki. Famfo da kayan faci da sifana su kasance tare da ku, don ƙaya ta bushe a gefen hanya, mai faci kuma ba a kowane ƙauye yake ba.

Idan kun isa, ku huta ku yi alwala kafin ku shiga. Ɗan Marina, wato Muhammadu ɗan Sabbagh, malami ne na ƙarni na 17, zamaninsu ɗaya da Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Maƙabartar da ke ɗauke da sunansa har yau ana binne mutane a cikinta, nan aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Saboda haka za ku iya tarar da masu jana'iza. Ku jingine kekuna a waje, ɗayanku ya tsaya da su ko ku ba mai gadi amana. Ku yi sallama ga mamata, ku roƙa musu gafarar Allah, ku rage murya. Kada a taka kabari ko a zauna a kai, a ajiye ɗaukar hoto da waya. Batun yin doguwar tafiya takanas don kabari kuwa, malamai sun yi saɓani, ni kuma keke na sani, sai ka tambayi malaminku kafin ka ɗaura niyya. In rana ba ta yi nisa ba, ku ƙarasa ku ga hasumiyar Gobarau a tsakiyar birni. Ku kira Hajiya daga can, ku kwanta da wuri.