Rumbunan Bayanai da Tushen Lantarkinsu: Darasi daga Gwandu da Kalgo

Tsakure

Muƙalar ta duba inda manyan rumbunan bayanai suke samun lantarki da abin da hakan ke jawo wa muhalli, ta auna shi da halin da Gwandu da Kalgo suke ciki. Ta gano cewa wanda ya ɗauki nauyin samar da wuta ba lalle ne ya ci moriyarta ba.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ɗauki hoton wani rubutun ajami na malaman Gwandu aka ɗora a intanet, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo yana iya karanta shi a wayarsa. Sai dai hoton yana ajiye ne a wani gini mai cike da kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. Irin wannan gini ake nufi da rumbun bayanai. Kwamfutocin suna cin wuta, na'urorin sanyaya su ma suna ci, wasu kuma har da ruwa mai yawa.

2.0 Tushen Wutar

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya. A ƙasar Ayalan kuwa, rabonsu ya kai kashi 21 cikin ɗari a 2023. Wannan buƙata ce ta sa kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 a 2024, don a farfaɗo da wata tashar nukiliya a jihar Fensilbeniya ta Amurka. A Nijeriya mafi yawan rumbunan suna Legas, kuma saboda wutar ƙasa ba ta da tabbas, suna dogara da injinan gas da na dizal, masu fitar da hayaƙin da ke ƙara ɗumamar yanayi.

3.0 Darasin Kainji

Babban layin da ke kawo wuta Birnin Kebbi daga madatsar ruwa ta Kainji ya taso, wadda aka kammala a 1968, ƙarfinta kuma ya kai megawat 760 daga baya. Ana lissafa wutar ruwa cikin makamashi mai tsafta, amma tafkin ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da gonaki a ƙasar Yawuri, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Daga Birnin Kebbi wani layin ya zarce zuwa Yamai. Duk da haka, gobarar da ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi a Satumbar 2023 ta jefa jihar da sassan Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Wutar da take kuɓucewa da gobara guda ba ta iya riƙe rumbun bayanai.

Hasken rana shi ne arzikin da yankin yake da shi a yalwace, amma yana da nasa sharuɗɗa. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola, dare yana buƙatar batura, zafin bazara da ke haura digiri 40 kuma yana ƙara kuɗin sanyaya na'urori. Idan da ruwa za a sanyaya, to za a yi rabonsa da manoman shinkafa na fadama.

4.0 Kammalawa

Adana rubuce-rubucen Hausa a intanet aiki ne da ya wajaba, sai dai yana da farashin da wasu ke biya. Duk ranar da aka kawo shawarar kafa rumbun bayanai a wannan yanki, ya kamata a fara da tambayoyi uku: daga ina wutar za ta fito, ruwan wa za a ɗiba, kuma me zai rage wa gidajen Gwandu da Kalgo. Mutanen Yawuri sun riga sun san abin da ke biyo baya idan ba a yi irin waɗannan tambayoyi da wuri ba.