Amsoshin Tambayoyinku: Ragowar Ostenait a Fatar Ƙarfe

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyanci ne. Na ji cewa bayan an gasa giya ko boris an tsoma a mai, akan haska masa eksire don auna ragowar ostenait. Me ake nema, kuma me ya sa madubin ƙara girma bai wadatar ba?

Amsa: Ƙarfe mai kabon idan zafinsa ya haura digiri 727, ƙwayoyin zarrarsa kan fara sauya jeri, ya koma ostenait. Da an tsoma shi a mai ko ruwa, yadda maƙeri ke yi wa bakin gatari, sai ya rikiɗe ya zama matensait mai tauri. To amma ba duka ke rikiɗewa ba. Inda kabon ya yi yawa, kamar fatar haƙoran giya ko ƙarfen boris mai kabon wajen kashi 1 cikin 100, wani ɓangare kan maƙale. Ragowar nan laushi gare ta, kuma takan rikiɗe daga baya ana tsakar aiki, ta kumbura, awon boris ya sauya ko ya tsage. Kaɗan daga cikinta kuwa kan ƙara wa giya juriya, shi ya sa dole a san adadinta.

Madubi kan ruɗe idan ragowar ba ta da yawa, domin tana ɓuya tsakanin alluran matensait.

Eksiren nan ba hoto yake ɗauka ba irin na asibiti. Hasken kan bugi jerin zarra ya dawo ta wasu kusurwoyi sanannu, bisa ƙa'idar da Bragg, uba da ɗa, suka bayyana a 1913 a Ingila. Ostenait da nasa kusurwoyin, matensait da nasa. Sai a gwada ƙarfin hasken da ya dawo daga kowanne, a fitar da kaso. Tsarin ASTM E975 ake bi, kuma ana iya gano ko da wajen kashi 1 cikin 100.

Ga inda nake so ka natsu. Hasken ba ya nitsewa cikin ƙarfe sai 'yan maikuron, maikuron ɗaya kuwa kashi 1 cikin 1000 ne na milimita. Fatar sama kaɗai yake gani. Wanda ya goge samfurin da dutsen wasa da ƙarfi har ya yi zafi, ya riga ya sauya ostenait ɗin da yake son aunawa, kuma na'ura ba za ta gaya masa ba. Don haka ake zaizaye fatar a hankali da lantarki cikin ruwan asid, a auna, a ƙara zaizayewa, a sake aunawa, har a ga yadda adadin ke sauyawa daga sama zuwa ciki.

Idan aka tarar ragowar ta yi yawa, akan sanyaya ƙarfen zuwa wajen digiri 80 ƙasa da sifiri, sannan a ɗan sake ɗumama shi.