Kwana Talatin Bayan Sallama

Tun da hunturu ya kankama, masu ciwon huhu ba sa yankewa a ɗakin shan maganin da nake aiki a nan Gitata. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda muka tura Asibitin Tarayya na Keffi, aka ba su gado, suka sami sauƙi, aka sallamo su, sai ga su an sake kawo su ranga-ranga kafin wata ya zagayo.

A cikinsu akwai wata dattijuwa da ta haura shekara talatin tana tuyar ƙosai. Taba ba ta taɓa shiga bakinta ba, hayaƙin itace ne ya cinye mata huhu a hankali, har ya zama cutar toshewar hanyoyin numfashi da likitoci ke kira COPD. Kwananta goma sha biyu da dawowa ɗanta ya kawo ta a kan babur, ba ta iya haɗa kalma uku sai ta tsaya ta ja numfashi. Da ta ɗan lafa na ce, "Inna, ina maganin shaƙarki?" Ta kwance bakin zani ta fito da shi. Na ce ta yi in gani. Ta wangale baki, ta fesa sau biyu a jere kamar mai fesa turare, maganin ya watse a iska. An nuna mata yadda ake yi, amma ranar sallama hankalin majinyaci yana gida. Sannan ɗan ya faɗa mini cewa saboda sanyi, da kaskon gawayi take kwana, ƙofa da taga a rufe, kuma ta koma bakin murhu tun kwana uku da dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, ita ce ta huɗu a jerin masu kisa a duniya. Ko a Amurka, cikin biyar da aka kwantar saboda tashinta, kusan ɗaya kan koma gadon asibiti cikin kwana 30. Dalili kuwa, hanyoyin iskar da suka kumbura sukan ɗauki makonni kafin su lafa, ƙura kaɗan ko mura ta isa ta sake tayar da su. Kuma babu abin da ke nuna wanda zai koma kamar tarihinsa: wanda ciwon ya tasar wa sau biyu a shekara, ko ya taɓa kwantar da shi, shi ne a sahun gaba.

Maganar maganin shaƙa ita ce ta fi ba ni wahala. Mutane na tsoronsa, wai wanda ya saba ba ya rabuwa da shi. Sai su ajiye shi su nufi kemis su sayi prednisolone, wanda kwana biyar kawai ake rubuta shi idan ciwo ya tashi, su yi ta sha wata da watanni. Fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Na shaƙa kuwa kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. A girgiza shi, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a kansa, a danna sau ɗaya ana jan iska a hankali, a riƙe numfashi a ƙirga goma. Tsohon da ya kasa haɗa dannawa da ja, mukan huda gindin gorar ruwa ta rabin lita mu cusa bakin maganin, ya shaƙa ta bakin gorar.

Akwai masu dawowa saboda wani ciwon da ke rakiyar huhun. Ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine, wannan zuciya ce take neman a duba ta. Wanda ya taɓa yin tarin TB ma huhunsa na iya zama da tabo ko ya gama magani, kuma gwajin majina kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai shan sigari dai ya san nasa.

Wani abin da iyali ke yi don ƙauna shi ma yana cutarwa: a hana tsoho motsi, a ce ya huta. Ya zauna ɗaki, ƙafafu su saki, cin abinci ya ragu, ya rame, damuwa ta lulluɓe shi, hakin ya ƙaru. Tattaki kaɗan a tsakar gida da hantsi, bayan ƙurar shara ta kwanta, ana ƙarawa kullum, magani ne.

Ranar komawa ganin likita da aka rubuta a kati, wadda kan faɗo cikin mako huɗun farko, ita ake fara yadawa idan kuɗin mota ya yi wuya. Na san halin da ake ciki, amma kuɗin zuwa Keffi da dawowa bai kama ƙafar kuɗin gado da iskar oksijin ba. Idan kuma majina ta canza launi ko haki ya ƙaru, kada a jira ranar katin. Leɓe ya yi duhu, ko mutum ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, a ɗauke shi a lokacin, ko tsakar dare ne.

Inna yanzu surukarta ce ke tuyar, an fitar da murhu fili, bargo biyu sun maye gurbin kasko. Ranar Talata za ta koma Keffi, ɗanta ya riga ya ware kuɗin mota.